TAƁIN HANKALI DA CUTAR ƘANJAMAU

Jawabin lafiya ga mutanen ƙasar Jega da Aliero da Maiyama

 

Yau za mu yi magana a kan cuta biyu waɗanda mutane ba su son ambatonsu a bainar jama'a. Ɗaya ana jin tsoronta, ɗaya ana jin kunyarta. Ta fari ita ce wani irin taɓin hankali mai daɗewa, ta biyu kuwa ƙanjamau. Da wuya ka ji an haɗa su cikin zance guda, gama mutane suna tsammani wanda hankalinsa ya taɓu ba ruwansa da sha'anin maza da mata. Wannan kuskure ne, kuma yana cin rayuka. Mai taɓin hankali baligi ne, jikinsa jikin ɗan Adam ne. Yana son aure, yana son haihuwa, kuma cutar da ke kama mai hankali ta wannan hanya tana kama shi, har ma ta fi samun sauƙin kai gare shi. Saboda haka in kun ji wata kalma mai nauyi cikin wannan jawabi, ku gafarce mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

WANE IRIN TAƁIN HANKALI KE NAN?

Abin da mu ke kira hauka ba iri ɗaya ba ne. Akwai ruɗewar da zazzaɓi mai zafi ke kawowa, wadda ke wucewa in zazzaɓin ya sauka. Akwai ta shaye-shaye. Akwai wadda ke samun mace bayan haihuwa. Farfaɗiya kuwa dabam ta ke, ba hauka ba ce. Wanda mu ke nufi yau likitoci suna ce da shi sikizofireniya, sunan da wani likita na ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kamar miliyan 24 ke da shi, watau wajen mutum 1 cikin 300. Ke nan garin da ke da mutum 3,000 ba a rasa kamar 10 a cikinsa.

Ya kan fara ne tun daga samartaka zuwa wajen shekara 30, kuma ya fi saurin bayyana ga maza. Ga alamunsa. Mutum ya riƙa jin muryoyi suna yi masa magana, ko suna zaginsa, alhali ba kowa a wurin. Ya ƙulla wani zato a ransa wanda ba mai iya kwance masa, kamar cewa an sa masa guba a tuwo, ko ana bin sa za a kashe shi. Zancensa ya warwatse, ba kai ba gindi. Sa'an nan akwai alamun da ba su da hayaniya, waɗanda a kan ɗauka lalaci ne: ya daina wanka, ya bar gona, ya guji abokansa, ya wuni zaune a ɗaki shiru.

Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda tarin fuka ya ke ciwon huhu. Gado yana da hannu a ciki, shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara jawo shi, amma ba a ɗaukarsa wurin wani. Ba mu hana kowa roƙon Allah ba, sai dai a haɗa da magani. Tun 1952 aka samo maganin farko a Faransa, wanda a ke sayarwa da sunan Largactil, yanzu kuma akwai iri-iri, na haɗiya da na allura. A nan Nijeriya, a 1954, Likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro kusa da Abekuta cewa masu wannan ciwo sun fi samun sauƙi in suna zaune cikin ƙauye tare da danginsu ana yi musu magani, bisa ga a kulle su. Aƙalla mutum 1 cikin 3 alamun su kan tafi ɗungum, da yawa daga sauran kuma suna noma, suna kasuwa, muddin ba su bar magani ba.

ITA KUMA ƘANJAMAU FA?

Cikin jinin ko wane mutum akwai waɗansu ƙwayoyi farare, aikinsu tsaron jiki, kamar masu gadin ƙofar gari. Su ne garkuwar jiki. Ƙwayar cutar da a ke kira HIV, in ta shiga jini, waɗannan masu gadi ta ke bi tana kashewa sannu a hankali. Mutum ya kan yi shekara 8 ko 10 yana tafiya garau, da ƙibarsa, bai san yana da ita ba, yana kuwa iya ba wani. Sai masu gadi sun ƙare, sa'an nan ko wace cuta ta shigo gari ba mai tare ta: tarin fuka, da zawo marar tsayawa, da rama, da ƙurajen baki. A wannan mataki ne a ke cewa ƙanjamau ta kwantar da shi.

Hanya 3 ta ke bi. Ta fari, saduwar namiji da mace, ita ce babba. Ta biyu, jini, watau allura ko reza ko aska wadda aka yi wa mai cutar aiki da ita, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Ta uku, daga uwa zuwa ɗanta, a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Ban da waɗannan babu. Sauro ba ya kawo ta. Ba a ɗaukarta wurin gaisawa, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko buta, ko tabarma, ko masai.

An fara ganin cutar a Amurka a 1981, aka gano ƙwayar a birnin Faris a 1983, aka ba da labarin shigarta Nijeriya a 1986. A 2018 Gwamnati ta sa aka bi gida gida a dukan jihohi ana gwaji. Aka tarar cikin manya 1,000 kamar 14 ke da ita, jimla wajen mutum miliyan 1 da dubu 900, mata sun fi maza nesa. A yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa kamar 6 ne cikin 1,000. Mun gode Allah da ƙarancin, amma wanda ta faɗa gidansa ƙarancin nan bai amfane shi da kome ba.

INA MAHAƊAR CUTA BIYUN?

A 2016 waɗansu masana a Ingila suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa masu taɓin hankali mai tsanani a ƙasashe dabam dabam. Suka ga a Amurka ta Arewa 6 cikin 100 suna da HIV, alhali cikin sauran jama'ar can ba a kai ko 1 cikin 100 ba. A Afirka suka sami 19 cikin 100. Kada wannan adadi ya firgita ku, gama yawancin inda aka auna ƙasashen gabas da kudancin Afirka ne, inda ƙanjamau ta fi tamu yawa ƙwarai. Abin da za mu riƙe shi ne, mai taɓin hankali ya fi maƙwabcinsa zama cikin haɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, bari mu duba tsagogin ɗaya ɗaya.

Na fari, lokacin da ciwon ya tashi mutum ba ya iya auna abu. Wanda a da ya ke da kunya da kamun kai, sai ya bi duk wanda ya kira shi. Ba ya tuna gargaɗi, ba ya iya cewa a'a, wani lokaci ma washegari ba ya tuna abin da ya faru.

Na biyu, yawo da yunwa. In dangi suka gaji suka sake shi, ina ya ke nufa? Sai tasha da kasuwa, inda a ke samun ragowar abinci. Jega mahaɗar hanyoyi ce. Ta nan hanyar Sakkwato ke bi ta wuce Maiyama zuwa Yawuri da Kwantagora, nan kuma ta Birnin Kebbi ke haɗuwa da ita. Lokacin albasa manyan motoci su kan cika Aliero. Baƙi albarka ne, ba mu zargin matafiyi don tafiyarsa. Amma wurin da dubban mutane ke kwana su wuce, ba wanda ya san wani, ba wurin kwanan yarinya marar lafiya ba ne. Mai jin yunwa kwano ɗaya na shinkafa ya isa a yaudare ta da shi.

Na uku, mugunta. Akwai mazan da ke neman irin waɗannan mata da gangan, don sun san ko ta faɗa ba mai gaskata ta. Akwai kuma wani mugun camfi da a ke yaɗawa, wai kwana da mahaukaciya yana kawo arziki ko yana wanke cuta. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba ya kawo kome sai zunubi da cuta da ɗaurin kurkuku. Ku tuna, duk mahaukaciyar da kuka gani da ciki a bakin kasuwa, mai hankali ne ya yi mata.

Na huɗu, shaye-shaye. Samari da yawa masu wannan ciwo su kan nemi wiwi, ko taramol, ko maganin tari mai kodin wanda Gwamnati ta hana a 2018, don muryoyin su yi shiru. Muryoyin ba su yin shiru, ƙaruwa su ke yi, ɗan sauran hankalin da ke hana mutum ɓarna kuma ya tafi. Masu yi wa kansu allurar maye suna karɓa-karɓa da tsinke ɗaya, su ne suka fi kowa kusa da cutar.

Na biyar, ƙarfe. A kan zaga da marar lafiya wurare da yawa neman magani, a yi masa tsaga, a yi ƙaho, a yi aski. In an ɗaure mutane da yawa wuri ɗaya, reza ɗaya ta kan bi kawunansu duka. Mari kuma yana cin ƙafa ya bar gyambo a buɗe. Ta nan HIV ke bi, ta nan kuma ciwon hanta mai kawo shawara ke bi, shi ma ya fi ta saurin kamu.

Na shida, shirunmu. Ba mai zama da su ya yi musu bayani irin wanda mu ke yi yanzu. In mai taɓin hankali ya ce fitsari yana yi masa zafi, ko mace ta ce tana ganin ruwa mai wari, sai a ce cikin haukan ne. Alhali ciwon sanyi ne ko tunjere, kuma gyambon da waɗannan ke yi a al'aura ƙofa ce buɗaɗɗiya ga HIV.

IN AN YI WA MACE FYAƊE

Matar da hankalinta ya gushe ba ta da ikon yarda. Duk wanda ya kusance ta cikin wannan hali fyaɗe ya yi, ko ta yi kuka ko ba ta yi ba. To, in abin ya auku, ku ji da kyau, gama a nan kwana ɗaya yana da tsada.

Akwai maganin da ke hana HIV kama jiki bayan ta shiga, amma tilas a fara shi kafin awa 72 su cika, watau kwana 3. Wanda aka fara ran farko ya fi wanda aka fara ran na uku. Ana shansa kwana 28 ba fashi. A asibiti kuma za a ba ta maganin ciwon sanyi da tunjere, da na hana ɗaukar ciki na gaggawa, a duba raunukanta. Saboda haka kada a tsaya taron dangi, kada a tsaya neman sulhu. A kai ta babban asibiti tukuna, uwarta ko yayarta ta raka ta, sa'an nan a kai maganar gaban hukuma. Yara maza da samari marasa lafiya su ma a kan yi musu haka, maganin kuwa ɗaya ne.

AURE DA HAIHUWA

Sau da yawa in saurayi ya fara sambatu sai tsofaffi su ce, a yi masa aure zai natsu. Iyayena, aure ba maganin wannan ciwo ba ne. Wanda aka ɗora wa nauyin gida ciwo yana kansa, nauyin ƙara rikita shi ya ke yi, yarinyar mutane ta sha wuya, auren ya mutu. Mace kuma a aurar da ita a ɓoye ciwon, miji ya gane ya sake ta, a sake aurar da ita, ta yi gida uku cikin shekara biyar, ba a taɓa gwada jinin kowa ba.

Wannan ba ya nufin ba za su yi aure ba. Wanda ya daɗe kan magani, ya natsu, yana neman abincinsa, yana da ikon yin aure kamar kowa, in shi da kansa ya so. Sharuɗɗa biyu ne. A gaya wa wancan gida gaskiya tun kafin a sa rana. Sa'an nan a gwada jinin namiji da na mace, budurwa ce ko bazawara. A Jihar Kano tun 2024 doka ta tilasta gwaji kafin ɗaurin aure, mu ma ba sai mun jira an tilasta mu ba. In gida mai mata biyu ko uku ne, gwajin na kowa da kowa ne.

Ana tambayarmu, 'ya'yan za su gāji ciwon? In ɗaya daga cikin iyaye ke da shi, kamar ɗa 1 cikin 10 ke samu, 9 ba su samu.

Matar da ke shan maganin taɓin hankali, in ta sami ciki kada ta yar da magani da kanta. Ta zo awo da wuri, ta kawo kwalin maganin a gani. Akwai irin da likita zai sauya, musamman wanda a ke kira Epilim, gama yana lahanta ɗan tayi. Bayan haihuwa kuma a sa mata ido ƙwarai, a taimake ta da raino don ta sami barci, domin kwanakin jego ne ciwon ya fi son dawowa. In tana da HIV, ga abin da aka sani. Ba magani, cikin jarirai 100 daga 15 zuwa 45 za su ɗauka. Da magani, ba su kai 5 ba. Ta riƙa shan nata kullum, ta haihu a asibiti, a ba jariri nasa na ruwa, a gwada shi yana da mako 6, ta ba shi nono zalla wata 6.

ABIN DA MAGANI KE YI WA JIKI

Ga wata magana wadda marasa lafiya ba su faɗa mana sai mun tambaya. Magungunan taɓin hankali, kamar Largactil da Haldol da Risperdal da allurar Modecate, su kan taɓa sha'awa. Namiji ya ga ƙarfinsa ya ragu. Mace ta ga al'adarta ta ɗauke, ko nononta yana ruwa ba ta kuwa da jariri. Magidanci ya ji kunya, ya yi shiru, ya daina shan magani a ɓoye don ya gyara zamansa da matarsa. Bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo, ya rasa duka biyu.

Malam, ba sammu aka yi maka ba, kuma ba ka mutu ba. Aikin magani ne, yana kuwa da gyara. Likita yana iya rage shi, ko ya sauya maka wani iri. Ka zo ka faɗa. Kada ka sayi maganin ƙarfin maza na 'yan talla ka haɗa, gama ba ka san abin da ke ciki ba. In kuwa gaba ya miƙe ya ƙi kwantawa har awa 4, da zafi, wanda ya kan faru jefi jefi, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ke kuma 'yar'uwa, ɗaukewar al'ada ba ta nufin ba za ki ɗauki ciki ba. In kina son hutu tsakanin haihuwa, ki gaya wa ungozomar asibiti irin maganin da ki ke sha. Wanda a ke kira Tegretol yana raunana ƙwayar hana ɗaukar ciki da ɗan tsinken da a ke sa wa a damtse. Allurar wata 3 da robar mahaifa ba ruwansu da shi. Amma duk waɗannan ciki kaɗai su ke hanawa. Abin da ke tare cuta wajen saduwa shi ne kwaroron roba, sabo ko wane lokaci.

GWAJI

Ba a gane mai HIV da ido, sai da gwaji. Ɗigon jini ne daga yatsa, kafin minti 20 an ga sakamako. In an yi zaton cutar ba ta daɗe da shiga ba, a sake gwaji bayan wata 3, gama da fari ba ta nunawa.

Duk mai wannan taɓin hankali ya kamata a gwada shi tun farkon zuwansa asibiti. In yana yawo, ko ya ɓace ya dawo, ko yana da ciwon sanyi, ko tari ya wuce mako 2, a sake. Amma ba a kama mutum a danne shi. A jira ranar da ya ke cikin natsuwa, a yi masa bayani da gajerun kalmomi, a maimaita, a tambaye shi ya faɗi abin da ya ji, a nemi yardarsa. Shi zai zaɓi mutum ɗaya cikin dangi wanda ya amince da shi, su ji sakamako tare. Wanda aka zaɓa kuwa amana aka ba shi, ba labarin bakin rijiya ba ne.

IN CUTA BIYUN SUN HAƊU A JIKI ƊAYA

Kada a yanke ƙauna. Tun 1996 aka samo haɗin magungunan da ke danne HIV. Gwamnatin Nijeriya ta fara rabonsu a 2002, ta mai da su kyauta a 2006. Yanzu yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma ana farawa da zarar an gano cutar. Ba ta kashe ƙwayar cutar ɗungum, shi ya sa a ke sha har iyakar rai. Amma mai sha kullum, cikin wata 6 cutar ta kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta. Wanda ya kai haka, ya kuma dawwama, ba ya sa wa matarsa ta wajen saduwa.

Waɗansu suna cewa ɓarnar magani ce a ba mahaukaci, ba zai sha ba. Ba haka ba ne. Mai taɓin hankalin da ke da mai kula da shi yana riƙe magani kamar kowa. Ga dabarun da ke taimako. A sa mutum ɗaya ya riƙe magungunan, ya ba shi da hannunsa, ya ga ya haɗiye. A ɗaura shan magani da wani abu da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar lisha ko cin tuwon dare. A roƙi ma'aikata su haɗa ranar karɓar magani biyun, don a rage kuɗin mota. In haɗiyar maganin taɓin hankali tana gagara, a tambayi likita allurar da ke yin mako 2 zuwa 4 a jiki. Kafin a tafi cin rani ko fatauci, a karɓi wanda zai isa.

Abu ɗaya kuma, lalle ko wane likita ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Magunguna su kan yi faɗa a ciki. Tegretol yana rage ƙarfin maganin HIV. Jan maganin tarin fuka, wanda ke rina fitsari, yana rage ƙarfin duka biyu, sai an daidaita. Wani tsohon maganin HIV mai suna efabirenz ya kan kawo munanan mafarkai da ruɗewa, bai dace da mai taɓin hankali ba. Saboda haka a zuba dukan kwalaye da katuna cikin jaka ɗaya, a riƙa zuwa da su ko wane asibiti.

WANI LOKACI CUTAR JINI CE KE RUƊA KAI

Ku lura da wannan. HIV da ta daɗe ba magani tana iya kai wa ƙwaƙwalwa, ta kawo mantuwa da ruɗewa, ko ta buɗe wa sanƙarau hanya. Tunjere ma, in ba a yi maganinsa ba, ya kan ɓuya shekara 10 ko 20 sa'an nan ya hau kai, alhali allurar fenisilin tana kashe shi. Don haka in mutum ya haura shekara 40, bai taɓa taɓuwa ba, sai ga shi yana sambatu, ga rama, ga zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani, kada a ce iska ce. A kai shi a auna jininsa a ranar.

INA ZA A NUFA?

A fara da ɗakin shan magani na garinku. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babban asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama. Gaba da nan akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi. Babban asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya kuwa yana Kware, kusa da Sakkwato.

Doka tana bayanku. Tun 2014 aka hana a kori mutum daga aiki ko makaranta, ko a ƙi yi masa magani, don yana da HIV. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta ce mai taɓin hankali yana da haƙƙin a yi masa magani, a rufa asirinsa, kada a wulaƙanta shi.

Hakimai da masu unguwa da limamai da sarakunan tasha da na kasuwa, ku ma da aikinku. In kun ga marar lafiya yana kwana a fili, ku sa a nemo danginsa. In mace ce, a samo mata ɗaki wurin wata dattijuwa kafin dare. Sarkin aska kuma ya gargaɗi wanzamai, ko wane kai da rezarsa.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Taɓin hankali ciwo ne mai magani. Kada a ɗaure, kada a kora.
2. Wanda ke shan maganinsa a gida cikin danginsa, ya fi kowa tsira daga ƙanjamau.
3. In ya ce wani wuri yana yi masa ciwo, a gaskata shi, a kai shi a duba.
4. In an yi fyaɗe, asibiti kafin kwana 3.
5. Gwaji kafin aure, da gaskiya tsakanin gidaje biyu.
6. In magani ya taɓa sha'awa ko al'ada, a faɗa wa likita, kada a daina sha.
7. Reza ɗaya, mutum ɗaya. Allura ɗaya, mutum ɗaya.
8. Dukan magunguna da katuna cikin jaka ɗaya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyaye mata, gama su ne ke ɗauke da yawancin wahalar jinyar nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai wani mako, ku huta lafiya.